Zugazugin da Ya Ƙi Riƙe Iska

A shekarata ta biyu a Ennis, cikin gundumar Clare ta ƙasar Ayilan, na sayi konsatina ta hannu. Ga wanda bai san ta ba, 'yar ƙaramar abar kiɗa ce mai kusurwa shida, maɓallai a gefe biyu, zugazugi a tsakiya. Tawa irin Anglo ce mai maɓalli 20: maɓalli ɗaya, in ka matse ya ba ka sauti, in ka ja ya ba ka wani daban. Kuɗin rigar sanyi na karkatar na saye ta, zancen da har yau Inna ba ta ji ba.

Wata uku ina fama. Duk waƙar da na ɗauko sai iska ta ƙare mini a tsakiya, hannuwana su ware kamar mai auna yadi. Na yanke wa kaina hukunci cewa ba ni da baiwar, har na fara tunanin wanda zan sayar wa.

Ranar da na je yi wa tsohuwar da ke koya mini sallama, ba ta ce komai ba. Ta karɓi konsatinar, ta riƙe gefe ɗaya sama, ta saki ɗayan ba tare da ta danna maɓalli ba. Mai lafiya a hankali take buɗewa, kamar tana jin nauyi. Tawa kuwa kafin in ƙirga biyar ta zube. Ta kara ta kusa da kumatuna tana matsawa, sai na ji siririyar iska mai sanyi tana fita daga kusurwar wani ninki. Fatar wajen ta tsage. Ta tambaye ni inda nake ajiye ta. Na ce kusa da hita, don kada ta ji sanyi. Dariyar da ta yi ta ishe ni amsa.

Ni jikan maƙeri ne, na tashi ina ganin kakana yana shafa wa zugazuginsa na fatar akuya mai, don haka na ce zan yi mata hakan. Ta ce kul! Cikin wannan akwai kwali da gam, mai zai jiƙa su ya saki manninsu. Siririyar fata ta yanko, ta manna a wajen, ta hana ni salatif da sufa gulu. Ta kuma lura ina fizgar zugazugin ba tare da na danna maɓallin iska ba, wato ni da hannuna nake ƙara ɓarakar.

Yanzu a akwatinta take kwana a rufe, nesa da hita. Waƙar da ta gagare ni wata uku na kai ta ƙarshe a daren, da kurakurai huɗu. Rigar sanyin dai aro na yi har hunturun ya wuce.