Kafin ki aika a sayo miki littafin koyon saƙa

 

Duk shekara da an kai amfanin gona gida, iska ta fara juyawa, sai sha'awar saƙa ta motsa a nan Zandam. Yarinyar da ta gama sakandare tana zaman jiran sakamako, amaryar da zaman ɗaki ya fara isa, mai juna biyun da ta lissafa haihuwarta za ta faɗo tsakiyar hunturu, kowacce neman tsinke da zaren ulu take yi. Tambayar da aka fi yi mini kuwa ita ce: "Anti, wane littafi zan saya?"

Gaskiya ɗaya ce, littafi ba zai koya miki riƙon tsinke ba. Wannan aikin hannu ne, a hannu ake karɓarsa. Ki nemi wata a unguwa da ta iya, ki kai mata gaisuwa, ki zauna gefenta, kada ki zauna gabanta don za ki ga komai a juye. Ita za ta nuna miki ɗora zare, saƙar gaba, saƙar baya da rufe baki. Amfanin littafi yana wani wuri dabam, wato lissafi. Iyayenmu da ido suke saƙa, kuma hularsu tana kyau. Amma ki ce a yi miki rigar sanyi ta ɗan shekara biyu, hannuwan su zo daidai, ko ɗan kasuwa daga Sara ya ce yana son kayan jarirai dozin guda masu girma ɗaya, a nan ido yake gazawa. Wadda ke son saƙa ta zame mata sana'a, a kan wannan za ta auna kowane littafi.

Saboda haka kada bango ya ruɗe ki. Ki buɗe ciki ki nemi inda aka yi bayanin awo. Littafin kirki zai ce ki fara saƙa ɗan ƙyalle, ki aza tef a kai, ki ƙirga ƙulli nawa ne a santimita 10. Da matsakaicin zare da tsinke mai kaurin milimita 4, yawancin littattafai ƙulli 22 suke nema. Ga abin da ya sa na nace: hular jariri mai zagayen santimita 32 za ta ci ƙulli 70 a wannan lissafin. To in hannunki sakwa-sakwa ne, kina samun 18 maimakon 22, wannan 70 ɗin zai ba ki kusan santimita 39, hular ta rufe wa jinjiri ido da hanci. Mai koyo sai ta ce ba ta da basira, alhali awo ne kawai ba a gaya mata ba. Littafin da ya tsallake wannan bayani, ki ajiye wa mai shago kayansa.

Abin ya fi damunmu mu a nan, domin waɗanda suka rubuta littattafan da gashin tumakin Ingila ko Amurka suke aiki. Mu kuwa abin da ke zuwa mana daga Kano, irin su Yeye, zaren akirilik ne, wato dangin roba, kuma sau da yawa siriri ne har sai an ruɓanya. Halinsu ba ɗaya ba ne. Ulu na gaske ruwan zafi da cuɗa ke sa shi ya motse, akirilik kuma dutsen guga ne ajalinsa, da ya ji zafi sai ya saki ya yi ƙyalli, ba ya komawa. Littafin da ya bayyana kaurin zare da nau'insa ya fi wanda ya ambaci sunan wani kamfani kawai, wanda ko kin zaga Sabon Gari kaf ba za ki samu ba.

Sai lambar tsinke, wadda ta sha jefa mutane a rami. Tsinke mai lamba 8 a tsohon lissafin Ingila milimita 4 ne. Lamba 8 a lissafin Amurka milimita 5 ce. Na Amurka lamba na hawa kauri na ƙaruwa, na Ingila kuwa lamba na hawa tsinke na sirancewa. Ki zaɓi wanda ya rubuta milimita, shi ke nan kin huta. Masu kwarashi ma ba su tsira ba: saƙar da littafin Amurka ke kira mai ɗaya, ita ce na Ingila ke kira mai biyu. Don haka a duba shafin farko a ga inda aka buga shi. Af, in maigida ko ƙaninki za ki aika, ki fayyace masa tsinke biyu kike nufi ko kwarashi. A wurin maza duk saƙa saƙa ce.

Ni na fi son zane a kan hoto. Zanen hannu mai nuna inda zare ya bi ya fi fitowa sarai, kuma ko an yi fotokwafi a Birnin Kudu ba ya dushewa, hoto mai kala kuwa baƙi ƙirin yake komawa. Ki kuma duba ko akwai babin gyaran kuskure: yadda ake ɗauko ƙullin da ya zame, yadda ake warware layi ba tare da an rushe aikin duka ba. In kin ga littafi ya riƙe zare a hannun dama, malamarki kuma a hagu, kada ki ce wani ya yi kuskure. Hanyoyi biyu ne sanannu, saƙa iri ɗaya suke fitarwa.

Akwai littattafan da suka yi suna a duniya, amma suna dabam, dacewa dabam. Knitting Without Tears na Elizabeth Zimmermann, wanda ya fito a 1971, ina ƙaunarsa, don yana koya wa mace ta yi lissafin rigarta da kanta. Sai dai hira ce zalla da Turanci, zane kaɗan, ya fi dacewa da wadda hannunta ya riga ya faɗa. The Principles of Knitting na June Hemmons Hiatt, bugun 2012, ya haura shafi 700. Ba wa mai koyo shi kamar a aza wa ɗan maraƙi garma ne. Wanda zan ce a ɗauka ba ciniki, in an ci karo da shi a wurin masu tsofaffin littattafai, shi ne Complete Guide to Needlework na Reader's Digest, na 1979. Zane ne mataki-mataki, akwai tsinke biyu, akwai kwarashi, har da surfani.

Ki kuma tambayi kanki: abin da ke ciki, wa zai saya a Gwaram? Rabin waɗannan littattafai riguna ne masu kaurin bargo don ƙasar ƙanƙara. Sanyinmu na asuba ne da dare, daga Disamba zuwa Fabrairu. Kasuwarmu hula ce da safa da rigar jariri na ranar suna, da shawul na rufe goyo, sai rigar sanyin 'yan makaranta. Kayan jariri kuma ko littafi ya ce a sa igiya a wuya, kada a sa, maɓalli a ɗinke shi tamau.

Za a ce ai ga YouTube. Haka ne, wajen ganin motsin hannu bidiyo ya fi takarda. Amma da data da caji yake tafiya, kuma kina tsakiyar ragin kafaɗa ba za ki so ki riƙa jan bidiyo baya kina neman lamba ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne duk waɗanda na lissafa da Turanci suke, ga gajerun haruffa da ko mai digiri sai an fassara mata. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafan Hausa barkatai don manya masu koyon karatu. Masu saƙa ma irin wannan muke buƙata, kuma ba sai mun jira hukuma ba. Kowace mai koyo ta sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Duk abin da ta saƙa ta rubuta, da boko ko da ajami: wane zare, tsinke milimita nawa, ƙulli nawa ta ɗora, a layi na nawa ta fara ragi, dunƙule nawa ya ci, nawa ta sayar. Ta liƙa guntun zaren a gefen shafin.

Na san akwai iyayenmu a Kila da Basirka da Fagam da suka daɗe a sana'ar nan, lissafinsu duk a ka yake. Wadda ke da irinsu a gida ta zauna da su da tef da biro, ta auna abin da suka saƙa, ta ƙirga, ta rubuta, ta turo mini hoton shafin. In sun taru mu buga ko shafi ashirin ne, mu raba a islamiyyun matan aure kafin sanyi ya kankama.