Kafin mu sayi kyamarar tafiyar Gashaka



Tun da aka tsayar da magana cewa wasu daga cikin matasanmu za su je yawon buɗe ido Gandun Dajin Gashaka-Gumti da tsaunin Mambila, zance ɗaya ne ya cika mana kunne: wace kyamara za a saya. Kowa na turo hoton wadda ya gani a intanet, wata ma kuɗinta ya haura duk abin da ke asusun tafiyar. Littafin karo-karo a hannuna yake, na san daga aljihun da kuɗin nan suka fito. Akwai na ɗan canji, akwai na mai shayi, akwai na ɗan dakon da ke sauke kaya a gindin gadar Kata tun asuba. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi nawa ra'ayin a fili. A ganina, mu fara sanin wurin da za a je, shi zai gaya mana abin da za mu saya.

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, kuma a 1991 aka mai da shi gandun ƙasa. Hedikwatarsa na garin Serti, kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi ta Bali. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, daf da iyakar Kamaru. Wannan yanki ma a da yana hannun Jamusawa, kuma sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ya zama Najeriya. Yaranmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba, waɗanda ba su san Arewa ba sai ta labarin masu garkuwa da mutane, ya dace su ga wannan da idonsu, su kuma kawo wa na gida hoto mai kyau.

To amma Chappal Waddi ba wurin zuwa da yamma a dawo ba ne. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da ɗan jagora da 'yan dako, ana kwana a daji. Wanda iyakar hawansa benen shago a Idumota, kada ya fara da nan. Ni da za a bi tawa, a cire ƙololuwar daga lissafin bana. Abin da ke ƙasa da ita ya ishe mu: kwana-kwanan hanyar da ke hawa tsauni daga Mayo Selbe, inda mutum ke waiwayowa ya ga kwari shimfiɗe a ƙasansa, gonakin shayi na Kakara, tuddan ciyawa tsakanin Nguroje da Gembu da shanu ke kiwo a kansu, sai kuma bakin kogi a ɓangaren ƙauyen Gashaka, inda masu gadin daji ke kai baƙi neman dorina da birai.

Duk wuraren nan in ka cire na ƙarshe, faɗi suke so. Wayar da ke aljihun yawancinku za ta ɗauke su tsaf in haske ya yi kyau. Inda waya ke gazawa shi ne dabba daga nesa. Biri ba zai tsaya ka matso ba, dorina kuwa kai ne ba za ka so ka matsa ba. Nan ne kawai ake buƙatar kyamara ta gaske, kuma ko nan ɗin gilashin gaba ne ke aikin, ba jikin kyamarar ba. Tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu, da ƙaramin gilashinta mai 18 zuwa 55, a ƙara mata mai jawo nesa 70 zuwa 300, ta wadatar. Guda ɗaya tak, a damƙa ta ga mutum ɗaya da zai koyi sarrafa ta kafin a tashi.

Sayen ta hannu a Legas yana da nasa sharaɗi, kuma a nan nake so wanda za a aika Ikeja ko Alaba ya buɗe ido. Damshin garin nan na sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi. A cire shi daga jikin kyamarar, a haska fitilar waya ta baya, a leƙa. In an ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, a ajiye musu kayansu komai arha, domin araha ba ta ado. A tambayi adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, tunda ita ma kamar mota ce, tana da lissafin tafiyarta. A ɗauki hoton farin bango a duba ko akwai ɗigo. Memori kuma kada a saya a kan tebur a bakin titi. Na jabu zai nuna maka yana da wuri da yawa, sai an dawo gida a tarar rabin hotunan ba sa buɗewa. Gara ƙanana guda uku na gaske da babba ɗaya.

Abin da ba wanda ya ambata a duk muhawarar nan shi ne wuta. A daji babu inda za ka soka caja, kuma sanyin Mambila na shanye batir da sauri fiye da yadda muka saba a nan. Batirin kyamara ya zama uku, kowa ya riƙe abin cajin waya na tafi-da-gidanka, da dare a sa batiran cikin aljihun riga kusa da jiki. A tanadi leda mai kauri saboda raɓa da hazo, a jefa mata irin ƙananan ƙunshin nan masu tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada a canza gilashi a fili lokacin da iska ke kaɗa ƙura. Shi kansa takalmin, wallahi ya fi ƙafar ɗora kyamara muhimmanci. Dutse ko jaka na iya riƙe kyamara, amma silifas ba zai hau tudu mai santsi ba.

Masu son a sayi ɗan jirgin ɗaukar hoto daga sama, ku yi haƙuri. Tashinsa na buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga shi wurin bakin iyaka ne. Ba na son in kwana ina buga waya ana neman belin yaran mutane.

Lokacin tafiya shi ne abin da ya fi wuyar yankewa. Damina a can doguwa ce, hanya na lalacewa, koguna na cika. In hunturu ya kankama kuma, ƙura na rufe nesa, dutsen da ka zo dominsa ya koma inuwa fara. Dabbobi sun fi ganuwa can cikin rani, sa'ad da ciyawa ta kwanta suka dawo bakin ruwa, amma a lokacin koren ya tafi. Tunda yawancin abin da muke so tuddai ne, ni na fi karkata ga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. A cikin yini kuwa lissafin mai sauƙi ne, salla ta riga ta raba mana shi: daga idar da Asuba zuwa hantsi, sai daga La'asar zuwa Magariba. Tsakar rana a ci abinci a huta.

Sai maganar mutane. Mambila ta ga rikici a 2017, an rasa rayuka da dukiya, kuma baƙon da ya tsaya yana ɗaukar garken wani ba tare da sallama ba, ba lallai a ɗauke shi ɗan yawon buɗe ido ba. A yi sallama, a gaisa, a nemi izini, a bar ɗan jagora ya yi gaba. Matan aure da 'yan mata a rugage, in ba su da mazajensu ko iyayensu suka yarda ba, a sauke kyamara. Shingen sojoji da na kwastan ko da wasa kada a ɗaga waya. Mu da muke zaune a garin wasu mun san yadda ake ji in baƙo ya auna ka da waya kana tsakar neman abincinka.

Shawarar da zan kai gaban kwamiti ita ce a fara gwaji kusa da gida. Jirgin ƙasa na tashi daga Ebute Metta ya tsaya Abekuta, Dutsen Olumo na nan cikin gari, a je a dawo rana ɗaya. A ari kyamara ko a yi haya, kowa ya zo da wayarsa da takalmin da yake niyyar tafiya da shi. In an dawo mu zauna mu dubi hotunan a babban allo, mu ga wanda hannunsa ya faɗa, mu ga kuma wanda numfashinsa ya kai. Bayan nan sai a buɗe asusu. Mai son shiga gwajin ya same ni bayan sallar Juma'a in rubuta sunansa.

Wassalam.