Faransancin kaye da Faransancin baki

Mafi yawanmu mun yi shekara 13 muna karatu da Faransanci kafin mu samu bak: 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. Mun rubuta dikte ba adadi, mun haddace fi'ilan da ko Bafaranshe sai ya yi tunani kafin ya juya su. Amma ka tsayar da ɗayanmu gaban mutum biyu ka ce ya kare ra'ayinshi minti biyar, sai ka ga gumi. Ni ɗan unguwar Zariya ne a Maradi, ina karatun kimiyyar harshe a jami'a, kuma na yi watanni ina shirin jarrabawar DELF matakin B2 tare da abokaina biyu, ɗaya daga Tibiri, ɗaya daga Jiratawa. Abin da munka gano shi nake son in ba ku, ko Allah zai sa ya amfani wani.

Wani zai ce mi ya kai mu, tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Maris na 2025, kuma a cikin watan ne kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ni kaina na yi murna da wannan. To amma harshen aiki sunanshi harshen aiki. Mai neman gurbin karatu a waje, ko mai son shiga Kanada da TCF ko TEF, ko mai neman aiki a wata ƙungiya, takarda za a tambaye shi. Kuɗin rajista kau ba kaɗan ba ne ga ɗan talaka, sau da yawa sai an sayar da akuya ko an taɓa buhun gero. Wanda ya faɗi, gidansu duka ne sunka yi asara.

Ga yadda abin yake. DELF kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu, magana. Kowane kashi maki 25 ne, jimilla 100. Da 50 ake ci, amma wanda ya samu ƙasa da 5 a kashi guda ya faɗi, ko da sauran sun yi kyau. Takardar DELF ba ta mutuwa, ta TCF kuwa shekara 2 take yi. A maganar B2, za a ba ka ɗan gajeren rubutu a kan wata matsala, a ba ka minti 30 ka shirya, sannan ka yi kamar minti 20 gaban masu jarrabawa: ka fara bayyana ra'ayinka kai kaɗai, daga nan su ja da kai.

Mi ya sa bakinmu ke ɗaurewa? Tun firamare ne. A aji mushe ke magana, mu muna kwafa. Ɗalibai sun cika ɗaki, ka yi sati ba ka faɗi jimla guda da ƙarfi ba. A makarantarmu akwai sambol, wanda ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa, kuma in ka yi Faransancin ka karkace a yi maka dariya. Sai yaro ya gane shiru ya fi sauƙi. Haka munka girma, hannu ya iya, baki ya yi baya.

Akwai kuma abin da ke tsakanin harsunan biyu. Hausa wasula biyar gare ta, gajeru da dogaye. Faransanci ya fi goma, har da na hanci. Shi ya sa “rue” da “roue” ke zame muna abu guda, haka “dessus” da “dessous”, alhali ɗaya sama ne ɗaya ƙasa. Ba mu da v, sai “vous” ya koma “bu”. Ba mu rarrabe p da f, ga shi mu nan har “fari” muke ce wa “hwari”. Jinsi ma yana kayar da mu: rana mace ce a Hausa, “le soleil” namiji, wata namiji ne, “la lune” mace. Waɗannan ba alamar daƙiƙanci ba ne, harshen uwa ne ke jan harshe na biyu, kuma haka yake ga kowa a duniya. Maganinsu shi ne ka jera kalmomin bibbiyu, ka ɗauki muryarka a waya, ka saurara. Sautin “u” da ke ba mu wuya, ka ce “i” sannan ka tattara leɓe kamar mai busa wuta, ba tare da harshe ya motsa ba.

Sai dai kar wannan ya cinye maka lokaci duka. Masu jarrabawa abu biyar suke dubawa: bayaninka kai kaɗai, muhawara, yawan kalmomi, nahawu, furuci. Furuci ɗaya ne cikin biyar, kuma abin da ake so a fahimce ka ba wahala. Ba wanda ya ce sai ka yi kamar ɗan Paris. Na ga ƴan'uwa suna wahalar da maƙogwaro wajen “r”, alhali ba su iya jera hujja biyu ba.

Jera hujja kuwa mun iya, da Hausa. Je kowace fada a Zariya bayan isha'i ka ji yadda ake gardamar ƙwallo ko farashin mai: mutum ya faɗi matsayinshi, ya kawo misali, ya ce “na yarda da kai a nan, amma tsaya”, ya rufe. Wannan shi ne B2. Abin da ya rage a sa mishi rigar Faransanci: “d'abord”, “en revanche”, “certes… mais”, “pour conclure”.

Saboda haka munka maida fadarmu ɗakin jarrabawa sau uku a sati. Mukan yanko labari daga jaridar Le Sahel, ko mu ɗauko abin da ke gabanmu: ko a hana ledar baƙa a kasuwa, ko kabu-kabu sana'a ce ga mai digiri. Wanda ke kan layi ya koma gefe minti 30, daidai lokacin da shayi na farko ke dahuwa, ya rubuta kanun magana kawai, ba jimloli ba. Sauran biyun su zama masu jarrabawa, ba sani ba sabo. Doka guda: in kalma ta ɓace maka, kar ka tsaya, kewaye ta. Ranar da munka ba ɗan Jiratawa batun noman rani da rabon ruwa a fadamarsu, wallahi ya yi minti bakwai bai yi tuntuɓe ba, mutumin da a da ba ya haɗa jimla uku. Abin da ya sani ne ya buɗe mishi baki. Tun daga nan kowace hujja sai mun nemo mata misali daga gida, domin mai jarrabawa ya gaji da jin misalan littafi.

Ga kunne, labaran Faransanci na Muryar Sahel sun isa farawa. Ka saurari labari guda, ka kashe rediyo, ka maimaita shi da bakinka cikin minti biyu. Ƴan'uwa mata da ba su zama fada, ku haɗu ku uku a gida, ko ku riƙa aika wa juna saƙon murya a WhatsApp, kowace ta gyara wa ƴar'uwarta kuskure biyu kacal a rana, kar abin ya zama cin fuska.

Kar ku bari sai saura sati biyu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wata uku kafin jarrabawa, nemi mutum biyu da ba za su yi maka dariya ba kuma ba za su yi maka ƙarya ba, ku sa rana, ku sa agogo. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.