Ciwon sukari ba ya sallama in zai shiga ido

A wani ƙauye na ƙasar Tasawa akwai wani manomi mai shekara 55. Shekara 6 da suka wuce ya fara yawan jin ƙishirwa. A dare guda yakan tashi fitsari sau 4 ko 5. Yana cin tuwo, amma yana ramewa.

Ya tafi gidan likita da safe, bai ci kome ba. Aka soki yatsansa, aka auna jini. Likita ya ce: "Baba, in awo ya kai garam 1,26 a lita, aka sake awo aka samu haka, ciwon sukari ne. Naka ya wuce garam 2." Ya ba shi ƙwayoyi. Ya ce ya je Maradi a duba idanunsa.

Manomin bai je ba. Ya ce ido ba ya ciwo, bai yi ja ba, don me za a kashe kuɗin mota? Da ya ji ƙarfin jiki, sai ya aje ƙwayoyin.

Bara, lokacin shuka, ya fara ganin baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje suna yawo gabansa. Da dare a ajin yaƙi da jahilci, baƙaƙen allo suka dushe masa. Ya sa kwalli. Ya sayi tabarau a kasuwa. Duk a banza.

Ɗansa ya kai shi Maradi. Likitan ido ya ɗiga masa magani, ƙwayar ido ta buɗe, ya haska ciki. Ya ce: "Baba, a can bayan ido akwai wata ƴar fata mai kama haske. Tana da hanyoyin jini da ba su kai kaurin gashi ba. Sukari yana cin su kamar yadda gara take cin rumbu daga ciki. Suna tsiyaya, suna zubar da jini, mutum bai ji zafi ba."

Idon hagu ya riga ya lalace. Na dama aka tura shi Yamai, aka yi masa aiki da hasken leza. Wannan aiki yana tsai da ɓarna, amma ba ya maido abin da ya tafi.

Yau manomin ba ya wasa da magani. Ya daina sa sukari a shayi. Ya rage fura da tuwo, ya ƙara wake da zogala da yakuwa. Ana auna masa hawan jini, don shi ma yana ɓata ido. Kowane dare yana duba ƙafafunsa ko akwai rauni. Yana riƙe ƙwayar sukari 3 a aljihu, don in jiki ya kama rawa da zufa a gona, alama ce sukari ya sauka da yawa.

Kowace shekara, in an gama kaka, yakan sai da tiya kaɗan na hatsi, ya je a duba idon da ya rage masa. Ya koma aji, yana zama gaba kusa da allo. Duk mai ciwon sukari da ya gamu da shi, yakan ce masa: "Je a duba idonka tun kana gani sarai. Ni na jira, ido guda na biya."