Wa Ke Da Ikon Jera Waƙoƙi?

Akwai wata al'ada a wurin masoyan waƙa a Turai da Amurka wadda muke so mu kawo wa ɗalibai da 'yan'uwa malamai a mujallar bana. Mawaƙi zai fitar da kundin waƙoƙinsa, watau albam, ya jera su daga ta fari har ta ƙarshe. Sai wani mai sauraro, wanda ko jita bai iya riƙewa ba, ya zauna a ɗakinsa ya ce jerin bai yi ba. Ya ɗauko waƙa ta tara ya mai da ita ta biyu, ya fitar da ta shida gaba ɗaya, ya nemo wata da mawaƙin ya bari a waje ya cusa a gurbinta. Sa'an nan ya nuna wa abokansa, su yi ta gardama a kai shekara da shekaru. Waɗansu suna kiran wannan rashin kunya, gama waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mu dai muna tare da masu sake jerin, ko da yake ba mu ba su gaskiya duka ba.

Masu suka suna ɗauka cewa kowane jeri daga zuciyar mawaƙi ya fito. Sau da yawa ba haka ba ne. Babban faifan garmaho da kamfanin Columbia ya fitar a 1948 yana ɗaukar wajen minti 22 ne a kowane gefe. In waƙoƙi suka wuce haka, dole a bar wata a waje, komai daɗinta. Ga kuma wata matsala: sa'ad da allura ta kusa tsakiyar faifai, sauti yakan rage tsabta. Saboda haka akan sa waƙoƙi masu ƙarfi a farkon gefe, masu sanyi kuma a ƙarshe. Ashe waƙar nan mai laushi da ke rufe gefen farko, wadda ake yaba wa hikimar mai ita, wani lokaci raunin allura ne ya kai ta wurin.

Bayan allura sai kamfani. Samarin nan huɗu na Liverpool da ake kira Beatles sun fitar da albam mai suna Revolver a 1966. A Ingila waƙoƙi 14 ne a ciki. A Amurka kamfanin Capitol ya sayar da shi da waƙoƙi 11, dukan ukun da aka cire kuwa John Lennon ne ya rera su. Yaro a Landan da yaro a New York sun sayi suna ɗaya da bango ɗaya, amma abin da suka ji ya bambanta. To, in wani ya ce kada a taɓa jerin asali, sai mu tambaye shi wanne daga cikin biyun yake nufi.

Labarin da ya fi jawo gardama shi ne na waƙoƙinsu biyu, Strawberry Fields Forever da Penny Lane. An ɗauke su ne domin sabon albam ɗin da suke shiryawa. Amma kamfani da manajansu suna neman abin da za a kai kasuwa da sauri, sai aka fitar da su a ƙaramin faifai a watan Fabrairu 1967. Su kuma Beatles a lokacin ba su cika maimaita waƙar da suka riga suka sayar a cikin babban faifai ba, don kada mutum ya biya kuɗin abu ɗaya sau biyu. Da albam ɗin Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band ya fito bayan 'yan watanni, babu su a ciki. George Martin, wanda yake kula da ɗaukar waƙoƙinsu, daga baya ya faɗa a fili cewa ya yi da-na-sanin barinsu a waje. Mai sauraron da ya mai da su ciki yau, abin da mai aikin ya so tun farko yake cikawa. Sai dai faifan ya riga ya cika, in za a sa biyu sai a cire waɗansu, a nan ne fa abota takan yi tsami. Haka kuma albam ɗinsu mai farin bango na 1968, mai waƙoƙi 30 a faifai biyu. Martin ya so a tace su a faifai ɗaya, ba a bi shawararsa ba, masoya kuwa sun karɓi aikin tacewar, kowa da nasa jerin.

Ƙaramin faifan nan da muka ambata, wanda RCA Victor ya fito da shi a 1949, waƙa ɗaya yake ɗauka a kowane gefe. Ta gaba ita ake kai wa gidan rediyo, ta baya kuma cikon wuri ce. Amma akan sami lu'ulu'u a bayan. Ƙungiyar Oasis ta Manchester ta sa waƙar The Masterplan a bayan Wonderwall a 1995, mai rubuta ta, Noel Gallagher, ya sha faɗa cewa ba nan ya kamata ta zauna ba. A 1998 aka tattara irin waɗannan waƙoƙin nasu na baya guda 14 aka yi albam sukutum. Akwai kuma waƙar gyara, kamar yadda mai awo take ƙara ɗan tafi bayan ta cika mudu. A Japan faifan da aka buga a gida yakan fi wanda aka shigo da shi daga waje tsada, sai kamfanoni su ƙara waƙa ɗaya ko biyu a na gida don kada masu saye su gudu. Dabarar ciniki ce, amma ta sa mutumin Tokyo ya san waƙar da maƙwabcin mawaƙin bai taɓa ji ba.

Mu da muka yi sakandare a zamanin kaset ba baƙi ba ne ga wannan aiki, ko da yake ba mu san yana da tarihi ba. Kaset mai lamba 60 minti 30 ne a kowane gefe, mai lamba 90 kuma minti 45. Mukan yage takarda daga tsakiyar littafin rubutu, mu jera sunayen waƙoƙi, mu rubuta tsawon kowace a gefenta, mu haɗa lissafi. Waɗanda ba sa son darasin lissafi a aji, a nan ba sa kuskuren daƙiƙa ɗaya, gama in lissafi ya karkace kaset zai ƙare a tsakiyar baiti. In minti uku suka rage, sai a shiga neman gajeriyar waƙa da za ta cike gurbin. Jim Reeves da Don Williams da Panam Percy Paul da waƙoƙin Zumuntar Mata duk sukan haɗu a kaset ɗaya, amma ba a zuba su haka kawai ba. Mun san waƙar ta'aziyya ba ta bin waƙar biki kai tsaye, sai an sa wata a tsakani ta sauko da zuciya a hankali. Tsallake waƙa a kaset yana cin batir, in kuwa da biro za a juya, hannu yakan gaji. Abin da mutum ya jera shi zai ji har ƙarshe, don haka yakan yi tunani sosai kafin ya jera.

Su ma masu ƙin al'adar suna da hujja mai nauyi. A Nuwamba 2021, da mawaƙiyar Ingila Adele ta fitar da albam ɗinta mai suna 30, ta nemi Spotify ya daina cakuɗa waƙoƙin albam da zarar an danna maɓallin farawa, kamfanin kuwa ya yarda. Kafin ita, a 2010, ƙungiyar Pink Floyd ta yi nasara a kan kamfanin EMI a babbar kotu a Landan, domin yarjejeniyarsu ta hana sayar da waƙoƙinsu ɗaya ɗaya ba da izininsu ba. Wanda ya saurari The Dark Side of the Moon na 1973 zai gane dalili, gama waƙoƙin suna shiga cikin juna ba tare da tsayawa ba, in aka yanke su sai a ji kamar an katse wa mutum magana. Sai dai a farkon 2011 su da kansu suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya, aka ci gaba da sayar da waƙoƙin ɗaya ɗaya.

A ganinmu abin da Adele ta yi kuka da shi dabam ne da abin da masu sake jeri suke yi. Na'ura tana cakuɗawa ba ta ji komai ba. Mutumin da ya ce waƙa ta tara ta fi dacewa da wuri na biyu kuwa, ya saurari albam ɗin ya fi sau goma, ya san inda kowace take farawa da inda take sauka. Abin da ya fi damunmu a wurin ɗalibanmu na yanzu ma shi ne ba su kai ga wannan gardama ba. Waya tana miƙo musu waƙa ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Ka tambayi yaro wace ce ta uku a albam ɗin mawaƙin da yake mutuwar so, sai ya tsaya yana kallonka. Da ma a ce ya zo ya yi mana musu a kan jerin, da mun san ya zauna ya ji. Sharaɗinmu biyu ne kawai ga mai sake jeri: ya fara jin aikin yadda mai shi ya bar shi, sa'an nan in ya ba wani nasa jerin ya faɗa cewa nasa ne.

Mu 'yan ikilisiya ma ba mu da bakin zargin kowa. Handel ya fara gabatar da Messiah a birnin Dublin a watan Afrilu 1742, aikin kuwa kashi uku ne. Waƙar Halleluya da jama'a suke miƙewa tsaye dominta ita ce ƙarshen kashi na biyu, bayan shan wuyar Ubangiji da tashinsa. Amma a lokacin Kirsimeti ƙungiyoyin mawaƙa da yawa sukan rera kashi na farko, na annabci da haihuwa, su tsallake sauran su ɗora Halleluya a kai. Ba mu taɓa jin wani dattijon ikilisiya ya zauna a kujerarsa don nuna rashin yarda ba. Handel kansa ya sha canja sassan aikin bisa ga muryoyin mawaƙan da ya samu.

Ko littafin Zabura, wanda ya duba da kyau zai ga hannun masu tattarawa da jerawa. An kasa zaburori 150 kashi biyar. Ƙarshen ta 72 yana nuna addu'o'in Dawuda sun ƙare, amma in aka ci gaba za a sake samun masu sunansa, kamar ta 86 da ta 103. Ta 14 da ta 53 kusan abu ɗaya ne. Ta 108 kuwa an haɗa ta ne daga ƙarshen ta 57 da ƙarshen ta 60, ɗalibai su buɗe su gwada. A tsohuwar fassarar Helenanci akwai ta 151, a kan Dawuda makiyayi da Goliyat, wadda ikilisiyoyin Otodoks na Masar da Habasha suke karantawa, mu kuma ba ta cikin namu. A 1956 aka sami wani naɗaɗɗen littafin zaburori na Ibrananci a kogo na 11 a Kumran, kusa da Tekun Gishiri. Jerinsa ya sha bamban da wanda muka saba, ta 151 ɗin ce kuma ta rufe shi.