Ƙugiya a Bakin Burushi

Ranar da mahaifina ya kai ni wurin Atis, allona na karatu ya saƙala a hammata, bai ko nemi takardar shaidar firamare ba. Cikin 1989 ne, ina ɗan shekara 14, kuma a wannan shekarar gidanmu ba shi da halin tura ni sakandare. Bayan la'asar muka taka har Fagge. Rumfar ba wata babba ba ce: 'yan fallayen kwano a kan turaku, benci ɗaya, sai alluna jingine da bango, wasu sun bushe, wasu suna shan iska. Duk layin Atis suke ce masa, haka ake kiran masu rubutun allon talla a Kano. Ni dai Maigida na kira shi tun daga ranar har Allah ya yi masa rasuwa.

Ya karɓi allon da hannu biyu, ya daɗe yana dubawa. Na lura ba karatun yake bi ba, tsayuwar layin yake kallo.

"Malam, wa ke feƙe masa alƙalami?"

"Shi yake feƙe abinsa," in ji Baba.

"To a bar mini shi. Wanda ya san bakin alƙalami ba zai sha wuyar burushi ba."

Na koma gida ina murna, a zatona gobe zan fara rubutu. Sai da na yi wata huɗu ban ja harafi ko ɗaya ba. Aikina wankin burushi da kananzir a gwangwanin madara, in matse shi da tsumma, in shafa masa ɗan mai don kada gashin ya sandare, in kwantar da shi a akwati bakinsa a miƙe. Ni ke goge falanki da samfefa har tafin hannu ya yi zafi. In allon na ƙarfe ne, sai an fara shafa masa jan fentin da ke hana tsatsa, ya kwana, sannan a bi da fari, shi ma ya kwana. A nan na san cewa fenti yana da lokacinsa. Da hunturu yakan bushe da wuri, amma ƙura ce abokiyar gaba, don haka da sassafe muke shafe, mu yayyafa ruwa a ƙasa, mu juya fuskar allon ga bango. Da damina kuwa allo kan yi kwana biyu yana danƙo, mai shi yana ta sintiri yana tambaya, Maigida yana ba shi haƙuri ba tare da ya ɗago kai ba.

Da lokaci ya yi, takardar buhun siminti ya ba ni da wani tsohon burushi, ya ce in ja sanda. Sanda kawai, daga sama zuwa ƙasa, kauri ɗaya, ba rawa. Na cika takardu ban san adadi ba. Daga nan sai kwance, sai karkatacce, sai baka. Ya nuna mini yadda ake loda fenti: a tsoma, a lailaya bakin a kan gutsuren gilashi har ya baje kamar bakin kurfi, kada ya yi kauri ya riƙa ja, kada ya tsinke ya zubo. Ya koya mini riƙe numfashi in zan sauko da layi mai tsawo. Yana da wata siririyar sanda da aka ɗaure wa tsumma a kai, ita ake dogarawa a jikin allo a ɗora tsintsiyar hannu, don kada hannu ya taɓa ɗanyen fenti. Sandar da wasu burusai biyu gadonsu ya yi daga wanda ya koya masa, wani mutumin Ghana da ke da rumfa a Sabon Gari, wanda ya bar ƙasar a farkon 1983 lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu. Maigida ya ce shi ya raka shi tasha, kuma tun daga ranar bai sake jin ɗuriyarsa ba. Duk sanda ya ɗauki sandar nan sai ya yi masa fatan alheri.

Layi da zare muke bugawa. A goga masa alli, mutum biyu su ja shi ya yi tsam, a ɗaga tsakiya a saki, sai ga farin layi ɗoɗar. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Maigida ke saɓa wa layin da gangan. O da S da C sai sun ɗan leƙa sama da ƙasan layi, in ba haka ba za su fito ƙanana a ido ko da rula ta ce daidai suke. Tazarar haruffa ma ba da rula ake auna ta ba. In A ta haɗu da W sai a matso da su, in H ta haɗu da I sai a ba su fili. Yakan ce in ɗauka ruwa zan zuba tsakanin kowane harafi da ɗan'uwansa, to kowane gurbi ya ci moɗa ɗaya. In na gama zana da alli, sai ya tura ni tsallaken titi in tsaya in duba, domin mai allo ba don na kusa ya biya kuɗi ba, don wanda ke wucewa a kan keke ne. Inuwa kuma gefe guda take faɗuwa a duk allon, hagu da ƙasa. "Rana ɗaya ce a sama," in ji shi.

Sai maganar ƙugiya, wadda a kanta ne kaɗai na taɓa ganin ransa ya ɓaci da mai kawo aiki. Mutane kan zo da abin da suke so a rubuce, wasu an buga musu da tafireta a bakin kotu ko gidan waya. Tafireta kuwa ba ta da ɓ, ba ta da ɗ, ba ta da ƙ. Akawu mai kula ne ke bi da biro yana lanƙwasa musu kai. Maigida ba ya fara aiki sai ya karanta takardar da ƙarfi a gaban mai ita, ya sa kowace ƙugiya a mazauninta. Wani ɗan kasuwa ya taɓa ce masa ya bar wannan ƙaƙale, ai kowa zai gane. Ya ajiye alli ya ce, "Alhaji, in ka ce in rubuta kafa alhali ƙafa kake nufi, sunana ne a ƙasan allon, ba naka ba." Ya san cewa a shekarun 1930 aka shigo da haruffan nan rubutun boko, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a 1939, ita ta kai su lungu-lungu. Yana da tsofaffin shafukanta a ƙasan akwatin burushi, daga kanun labaransu yake nuna mini siffar kowanne. A manyan baƙaƙe, ƙugiyar Ɓ da Ɗ ta hagu take fitowa daga sama, ta Ƙ kuwa hannun dama na sama ne ke lanƙwashewa. Ba a ɗiga ta daga baya kamar an manta. Da jan burushi ɗaya take fita, a murza shi tsakanin yatsu a ɗaga a hankali, ta ƙare da siririn baki.

Allona na farko na wata mai abinci ne a bayan layinmu, wadda duk muke kira Inna. Farantin ƙarfe ne, fari, rubutu ja, inuwa baƙa: MARABA DA BAƘI. Kwana biyu na yi a kansa. Da na zo kan Ƙ hannuna ya ji tsoro, ƙugiyar ta fito 'yar mitsitsiya. Maigida ya tsallaka titi, ya duba, ya dawo. Bai yi faɗa ba. Ya ce daga can baki yake gani, kuma baƙo ba zai san da shi ake ba. Ya karɓi burushin, ya loda, ya bi ta kan tawa sau ɗaya, ta tashi sosai. Sauran haruffan bai taɓa ko ɗaya ba. Da Inna ta biya, ya zaro takardar naira 20 mai hoton Murtala ya miƙa mini, ya nuna ajamin da ke jikinta da farcensa ya ce, "Wannan ma wani ne ya zauna ya rubuta." Na kai wa Baba ita da daddare, ya sa mata albarka ya mayar mini.

Ajami shi ne inda na fi Maigida sauri, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Masu maganin gargajiya, masu sayar da littattafai na wajen kasuwar Kurmi, da masu gyaran masallacin unguwa sukan so allonsu da boko a sama, ajami a ƙasa. Hannun makarantar allo nake yi musu, irin na Warshu, fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, don shi idon mutanenmu ya saba da shi. Sai dai akwai matsala: ajami daga dama yake tafiya, mai rubutu da hannun dama kuwa hannunsa zai riƙa bi ta kan abin da ya rubuta. A kan allon karatu tawada na shanyewa nan da nan, fentin mai ba haka yake ba. Dabarar ita ce a zana layin duka da alli, sannan a faro fenti daga ƙarshensa a dawo farko. Ranar da na fara yin haka na ji kamar ina karatu da baya, amma hannu ya saba.

Aikin da na fi ƙauna shi ne na manyan motoci, Marsandi 911 masu bodin katako, waɗanda ke lodin hatsi a Dawanau ko su kwashi shanu zuwa Legas su dawo da goro. Kafinta na gama bodi sai a aiko mana. Mukan yi kwana uku ko huɗu a gareji, a tsaye kan duro. Mai mota zaki yake so a ƙofar baya, ko dawaki, ko dabino da masallaci. Direba kuwa magana yake so. "Haƙuri maganin zaman duniya." "Hassada ga mai rabo taki." "Ta Allah ba taku ba." Kafin direba ya faɗi abin da za a rubuta, sai ya ba ka labarin dalili: wanda ya ce ba zai taɓa riƙe mota ba, ko haɗarin da ya tsallake a hanyar Lakwaja. Saboda haka ba na ganin rubutun bayan mota a matsayin ado, na san kowanne akwai mai shi. Maigida yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya sassautawa: sunan Allah a goshin mota yake zama, can sama. Ko nawa za a ba shi ba zai rubuta shi kusa da taya ba, inda taɓo ke fallatsa.

A 1993 mun yi aiki kamar ba gobe. Jam'iyyu biyu ne kacal, SDP mai doki da NRC mai mikiya, kuma duka biyun rumfarmu suke kawo yadi. Da reza muke yanka siffar dokin da ta mikiyar a tsohon hoton ƙashi na asibiti, mu ɗora a kan akoko mu bubbuga da soso. Rubutun kuwa da hannu, har tsakar dare, da fitilar ƙwai. Aka yi zaɓen 12 ga Yuni, aka soke shi, kafin shekara ta ƙare jam'iyyun ma an rushe su. Yadin da ba a zo an karɓa ba muka yayyaga, muka yi shekara muna goge burushi da shi.

Na bar rumfar a 1995 na koma karatu, da yardarsa da kuɗin motarsa. Bayan shekara ta 2000 injin yankan sitika ya shigo, sannan na buga bana a kan leda. Abin da muke kwana uku a kai ya koma aikin awa ɗaya, ga hoton mai shago a jiki. Ba na zargin kowa. Mai shago lissafi yake yi, kuma yaran da ke zaune gaban kwamfuta su ma abinci suke nema. Abin da ke ci mini rai shi ne, kwamfutar tana da ƙugiya in an neme ta, amma ba a nema. Bana mai tsawon gida za ka gani a bakin titi an rubuta Hausa tsirara, ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki, ba wanda ya karanta takardar da ƙarfi kafin a buga. Ledar kuma damina biyu take yi ta koɗe ta yage. Maigida ya ƙarasa shekarunsa yana rubuta "Ba a fitsari a nan" da lambar gida da sunayen makarantun Islamiyya a jikin katanga. Na sha zuwa in same shi a kan tsani, gemu ya yi fari, yana buga zare don kalma uku kamar yadda yake yi wa allon babban kanti.

Bara na bi ta Fagge da yamma. Inda rumfar take yanzu shagon waya ne. Na zaga baya. Inna ta daɗe da rasuwa, wata jikarta ce ke suyar ƙosai a wurin. Allon ba ya sama, an sauke shi an kare murhu da shi saboda iska. Hayaƙi ya cinye farin, jan da na shafa ya koɗe har sai ka matso kake gane MARABA. Amma ƙugiyar nan, da ta sha fenti sau biyu, tana nan ja. Na tsuguna na sa yatsa a kanta, na ji tudun inda burushinsa ya hau kan nawa.

"Baba, ƙarfen da zafi fa," in ji yarinyar. "Na nawa za a zuba?"

Na ce ta zuba na ɗari biyar, na zauna a bencinta ina jira.