Hanyar Asekrem da Madubin Bindiga

Daga Tamanrasat zuwa Asekrem wajen kilomita 80 ne, amma gargadar hanyar takan sa mutum ya ɗauka ɗari biyu ce. A can ƙoli, sama da mita 2,700, inda Charles de Foucauld ya gina ɗakinsa a 1911, ruwa kan daskare da asuba a watan Janairu. Da hantsi kuwa rana ta buɗe, iska ta taso da ƙura.

Mun kawo zancen hanyar nan ne domin tun da aka sake buɗe farauta a Aljeriya a 2020, matasanmu ke tambayar wane madubin saiti na bindiga ya fi ƙarko. To, duk madubin da ya je Asekrem ya dawo lafiya, shi ne.

Abu uku ke kashe shi. Jijjigar mota takan kwance ƙusoshin da ke riƙe shi, saiti ya goce mai shi bai sani ba. Sanyin asuba kuma, in ya tarar da danshi a ciki, sai gilashi ya yi hazo ta inda hannu ba ya kaiwa. Shi ya sa ake neman wanda aka toshe da zoben roba, aka cika da iskar naitirojin. Amma babban maƙiyi ƙura ce. Rairayi ya fi gilashi tauri, don haka wanda ya goge madubi da bakin rawani, kamar yadda akasarinmu ke yi wa tabarau, kankare shi yake yi. A fara hurawa tukuna, kuma kada a raba shi da murfinsa.

A ganinmu, mai girman gani guda, irin wanda aka rubuta wa 6x42, ya fi mai murɗawa daɗewa, domin ba shi da sassa masu motsi da yawa. Manyan lambobi kuwa kwalliyar kanti ce. Da tsakar rana ƙawalwalniya suke ƙara girmamawa.

Sai dai, 'yan'uwa, kafin kuɗi su bar aljihu akwai maganar hukuma. Dokar 2009 ta sa irin waɗannan madubai cikin kayan da sai da izini, har madubin hangen nesa na hannu jami'an duwan kan riƙe. Wanda ya sayo a Agadas ko Arlit ya ƙetaro da shi ba takarda, asarar kuɗin ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Sannan tun 1987 Ahaggar keɓaɓɓen wuri ne, kuma dokar 2006 ta hana taɓa barewa, da ragon dutse, da damisar nan mai gudu da Kel Ahaggar ke kira amayas, wadda aka sake ɗaukar hotonta a 2020. Hukuncinsu ɗauri ne da tara.

Mu dai da ido muka tsaya a Asekrem, bargo a kafaɗa, muna kallon dutsen Tahat mai tsawon mita 2,908 har shayi ya nuna.